Hukuncin Wasan Sudoku a Na'urar Gem ta Hannu: Hatimi Ne, Caca Ne, ko Halal Ne?

TAMBAYA

  Ni matar aure ce, muna zaune a Kongo, Tudun Wadan Zariya, ina kuma karatu a jami'a nan kusa da mu. Yayana ya ba ni wata 'yar na'urar gem, Nintendo DS, wadda ya gama amfani da ita. Ba na buga komai a cikinta sai wasan lambobin nan da ake kira Sudoku, idan na gama aikin gida ko an ɗauke wuta da dare. Ranar nan mahaifiyar mijina ta shigo ɗakina ta tarar ina rubuta lambobi cikin gidaje da ɗan tsinken na'urar. Ba ta ce mini uffan ba, amma ta gaya wa ɗanta wai hatimi nake bugawa don in mallake shi. Shi bai yarda ba. Sai dai wani abokinsa ya ce masa ai lambobin caca ne, kuma ma duk wani wasa haramun ne in ban da na doki da harbi. Yau kwana tara Hajiya ba ta cin abincin da na dafa. Malam, mene ne hukuncin wannan wasa? In haramun ne zan bari. In kuma halal ne, yaya zan yi da Hajiya?

AMSA

 Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki yanke wa kanki hukunci. Amsa a taƙaice: wasan Sudoku a kan kansa halal ne, a takarda ne, a waya ne, ko a na'urar gem ta hannu. Ba hatimi ba ne, kuma babu caca a cikinsa matuƙar ba a sa kuɗi ba. Yana zama makaruhi idan ya yi yawa, yana zama haramun idan ya fitar da salla daga lokacinta ko ya tauye haƙƙin da ya wajaba a kanki. Amma da yake maganganu uku aka jefa miki, kowace kuma tana da inda ta samo asali, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, domin ke da duk mai karatu da irin wannan ta taso a gidansa.

Yadda wasan yake

Malaman usulu suna cewa ba a yi wa abu hukunci sai an san surarsa, don haka mu fara da ita. Sudoku murabba'i ne mai gidaje 81, tara a kwance, tara a tsaye, an kuma raba shi ƙananan murabba'ai tara, kowane mai gida tara. Ana ba ka shi an riga an cika wasu gidajen da lambobi. Aikinka ka cika sauran da 1 zuwa 9, da sharaɗin kada wata lamba ta maimaitu a layin kwance, ko layin tsaye, ko cikin ƙaramin murabba'i. Shi ke nan dokar.

Ka ɗauki gida ɗaya da babu komai a ciki. Ka duba layinsa na kwance ka ga akwai 1 da 2 da 3, to waɗannan sun fita. Layinsa na tsaye yana da 4 da 5 da 6, su ma sun fita. Ƙaramin murabba'in da yake ciki yana da 7 da 8. Me ya rage? Tara. Duk wanda ya karanta usulul fiƙhi ya san wannan hanya, ita ce malamai ke kira sabru da taƙsimi: a tattaro duk abin da zai iya zama dalili, a yi ta zubar da wanda bai dace ba har ɗaya ya rage. Sudoku da aka tsara daidai amsa ɗaya tak gare shi, ana kuma kai gare ta da tunani, ba da sa'a ba. Masana lissafi sun tabbatar a shekarar 2012 cewa ba za a samu Sudoku mai amsa ɗaya ba sai an fara ba da lambobi aƙalla 17.

Asalinsa ma sananne ne. Ya fara fitowa a wata mujallar wasannin ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1979 da sunan Number Place. Kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984, a can ya samu sunan Sudoku, daga wata jimlar Japananci mai nufin kowace lamba ta zo sau ɗaya. Ya bazu a duniya bayan jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a watan Nuwamban 2004. A shekarar nan ce kuma Nintendo DS ta fito, daga baya aka sa Sudoku cikin wasan Brain Age da aka fitar a Amurka da Turai a 2006. A wannan wasa ana riƙe na'urar ne a buɗe kamar littafi, ana rubuta lambar da ɗan tsinke a kan gilashi. Ki riƙe wannan a ranki, domin zai taimaka miki ki fahimci abin da Hajiya ta gani.

Maganar hatimi

A nan zan ɗan daɗe, don ita ce maganar da ta fi nauyi, kuma ita ta hana a ci abincinki.

Kada ki ɗauka Hajiya ƙage ta yi daga iska. Duk wanda ya tashi a Zazzau cikin gidajen malamai ya taɓa ganin hatimi a allo ko a takarda: murabba'i da aka raba gida-gida, kowane gida da lamba ko harafi. Wanda ya fi shahara shi ne musallasi, mai gida tara, uku a kwance uku a tsaye, wanda ake jingina wa Imam Gazali. Lambobin da ke cikinsa 1 zuwa 9 ne, kowace sau ɗaya. To kowane ƙaramin murabba'i na Sudoku shi ma gida tara ne, lambobinsa 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya. Tsohuwa ta leƙo ta ga surukarta riƙe da wani abu kamar littafi, da tsinke kamar alƙalami, cikin dare, tana zuba lambobi a gidaje tara. Me kike so zuciyarta ta fara raya mata? Kamannin na nan, babu amfanin musa shi.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Bambancin yana wurare uku: ginin, ma'anar lambobin, da abin da ake nufi da su.

Ta fuskar gini, abin da ake kira wafaƙi a littattafai, wanda mu muke kira hatimi, sharaɗinsa jimla ta daidaita. A musallasi, duk layin da ka tara, kwance ko tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 zai ba ka. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya kawo wannan sura a littafinsa Alfuruƙ, inda yake rarrabe sihiri da abubuwan da ake rikita su da shi, ya kuma ambaci buƙatun da masu yinsa ke rubuta shi dominsu, irin su sauƙin haihuwa. Wafaƙi mai gidaje 81 kuwa, idan na asali ne, lambobinsa daga 1 har 81 ne ba maimaici, kowane layi ya ba da 369. Sudoku ba haka yake ba. Lambobi tara ne kawai ake maimaita su sau tara, ba a tara komai, ba a duba kusurwa, ƙananan murabba'ansa kuma ba a neman su ba da 15.

Ta fuskar ma'ana, lambar hatimi wakiliya ce. Mai bugawa yana ɗaukar sunan Allah, ko aya, ko sunan mutum da na mahaifiyarsa, ya mayar da haruffan lambobi ta hisabin abajada, sannan ya rarraba jimlar cikin gidajen. Lambar Sudoku kuwa ba ta wakiltar komai. Da za a cire lambobin a sa launuka tara, ko hoton gero da dawa da masara da sauransu har tara, wasan bai canza ba ko kaɗan. Babu sunan mijinki a ciki, babu na Hajiya. Ba ma ke kika zaɓi lambobin farko ba, na'ura ce ta ba ki, kuma irin su take ba duk wanda ya kunna wannan mataki, a Zariya yake ko a Tokiyo.

Ta fuskar nufi, hatimi ana rubuta shi ne don a samu wani tasiri a waje: a wanke a sha, ko a naɗe a yi laya, ko a binne, ko a rataye. Sudoku idan an gama, na'ura ta nuna an ci, sai ta share ta kawo wani. Ba a sha, ba a ratayawa, ba a jiran ya jawo ko ya tunkuɗe komai. Hadisin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda Bukhari ya buɗe littafinsa da shi, ya rataya ayyuka a kan niyya, kuma babu wata niyya a nan sai ta warware matsala.

Hukuncin hatimi kansa wata mas'ala ce daban, malamai sun yi saɓani a kanta tun da, har yau kuma ana yi a garin nan. Ba ita kika tambaya ba. Abin da ya shafe ki shi ne, ko a wurin wanda ya fi kowa tsanantawa a kan hatimi, Sudoku bai shiga ciki ba, domin illar da ya hana hatimi saboda ita babu ita a nan. Haka nan ba duba ba ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, cewa ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba, yana magana ne a kan da'awar sanin gaibu, Sudoku kuwa ba ya ba da labarin gobe.

Bari in ɗan ratse kaɗan. Jera lambobi cikin murabba'i ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1154 bayan Hijira, wajen 1741 Miladiyya, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, ya yi rubutu a kan hanyoyin gina waɗannan murabba'ai, daga ciki akwai Bahjatul Afaƙ. Masu tarihin lissafi na zamani suna ambaton sa saboda ƙa'idojin da ya bayyana na gina murabba'i mai adadin mara. Ko me mutum zai ce game da amfanin da aka yi da wannan fanni, ɓangaren lissafinsa lissafi ne, kamar yadda lissafin rabon gado lissafi ne.

Maganar caca da ƙiyasi a kan nardi da shaɗaranji

Abokin mijinki ya ga lambobi sai ya tuna da takardun cacar lamba da ake sayarwa a bakin titi, inda mutum ke zaɓen lambobi ya biya kuɗi ya jira a fitar da sakamako. Wannan caca ce tsantsa, haramcinta yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91. Amma abin da ya mayar da ita caca ba lambobin ba ne. Caca ita ce mutum ya sa dukiyarsa cikin abin da ko ya ci ta wani ko a ci tasa, bisa abin da bai san ƙarshensa ba. Ke da kike zaune a ɗakinki, nawa kika sa? Wa zai ci kuɗinki idan kika kasa? Babu.

Akwai tambayar da ta fi wannan ƙarfi, wadda ɗalibin ilmi zai iya yi, kuma ya kamata a amsa masa. Zai ce: ai akwai wasannin da aka hana ko babu kuɗi. Gaskiya ne. Nardi, wato wasan da ake jefa ɗan ƙashi mai fuska shida da ɗige-ɗige, irin wanda ake jefawa a ludo, hani ya zo a kansa kai tsaye. Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kamanta mai yin sa da wanda ya tsoma hannu cikin naman alade da jininsa. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa daga Abu Musal Ash'ari cewa yin sa saɓon Allah da ManzonSa ne. Shaɗaranji kuma, wanda wasa ne na tunani tsakanin mutum biyu, Imam Malik ya ƙi shi, Ibnu Abi Zaid ya haɗa shi da nardi wajen hani a ƙarshen Risala, wadda kowane almajirin zaure ya bi ta kanta. Shaihu Khalil a Mukhtasar, babin shaida, ya lissafa dawwama a kan shaɗaranji cikin abubuwan da ke zubar da mutuncin mai shaida. To me zai hana a yi ƙiyasin Sudoku a kansu?

Ƙiyasi a kan nardi bai tsaya ba, domin nardi ya dogara ne ga abin da jifa ta fitar. Malaman Shafi'iyya sun kafa ma'auni a nan, wanda Ibnu Hajar Alhaitami ya kawo a Tuhfa daga Rafi'i: wasan da madogararsa sa'a da cinke ce hukuncin nardi yake bi, wanda madogararsa lissafi da tunani ce ba ya haramta. Har ya ba da misali da wasan ramuka ko layuka da ake matsar da tsakuwa a cikinsu da lissafi, wanda ɗan'uwan dararmu ne. Sudoku babu jifa a cikinsa gaba ɗaya.

Ƙiyasi a kan shaɗaranji shi ya fi kusa, don haka a duba illar. Aya ta 91 ta Ma'ida ta ambaci abin da Shaiɗan ke nema ta hanyar giya da caca: jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da kange su daga ambaton Allah da salla. Waɗannan su ne malamai suka gani a majalisun shaɗaranji: mutum biyu suna neman kunyata juna, 'yan kallo suna zuga, ana rantse-rantsen ƙarya, sau da yawa da kuɗi a ƙasa, ladan ya yi kira ba wanda ya motsa. Wanda ya taɓa wucewa ta majalisar 'yan karta ko 'yan dara da la'asar sakaliya ya san abin da ake nufi. Sudoku mutum ɗaya ke yin sa. Babu abokin hamayya balle gaba, babu wanda za a rantse wa. Illa ɗaya ce ta rage, shagala daga salla da zikiri, ita kuwa tana iya samuwa tana iya rashin samuwa, sai hukunci ya bi ta. Ko a shaɗaranjin ma, Ibnu Abdil Barr ya bayyana a Tamhid cewa abin da mazhabar Malik da jamhurin malamai ta tattaru a kai shi ne, wanda ya yi shi jefi-jefi a cikin gidansa tare da iyalinsa, babu caca, babu bayyanawa, an yi masa rangwame.

Saura maganar cewa duk wasa haramun ne sai na doki da harbi. Akwai hadisi daga Uƙba ɗan Amir, a Tirmizi da wasunsa, da ya siffanta wasan da mutum ke yi da cewa baɗili ne, ya togace harbi da baka, da horar da doki, da wasan mutum da iyalinsa. Imam Gazali ya yi bayani a Ihya cewa kalmar baɗili a nan tana nuna rashin fa'ida, ba ta nuna haramci. Dalili kuwa, Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana kare ta, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, kuma kallon nan ba ya cikin ukun. Ya kuma gaya wa Hanzala, a hadisin Muslim, cewa rayuwar mumini lokaci ne da lokaci. Wasa ƙwaƙwalwa ma yana da asali: a Kitabul Ilmi na Bukhari, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya jefa wa sahabbai tambaya a kan wata bishiya da ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi, suka yi ta kawo itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce amma kunya ta hana shi faɗa. Ibnu Farhun, malamin Malikiyya, littafi guda ya wallafa na kacici-kacicin fiƙhu, Durratul Gawwas.

Inda haɗarin yake

Na ce halal ne, amma kada mai karatu ya tsaya a nan ya rufe shafin. Ni abin da nake tsoro a wannan wasa shi ne tsabtarsa. Mai kallon abin banza ya san laifi yake yi, zuciyarsa tana tsunkulinsa. Mai Sudoku kuwa yana ganin ai tunani yake, sai ya saki jiki. Ga shi wasan ba ya son a yanke shi a tsakiya: an kira salla, saura gida goma sha biyu, sai ka ce bari in ƙarasa, ka sa wata lamba ba daidai ba, ka koma gyara, ka ɗaga kai an sallame. Magariba ta fi shiga wannan haɗari, domin a mashhurin mazhabarmu lokacinta na zaɓi ƙanƙane ne, gwargwadon abin da mutum zai yi tsarki ya yi ta. Na'urar hannu kuma ta fi takardar jarida kamu, saboda jarida guda ɗaya take bugawa a rana, na'ura kuwa kana gama ɗaya ta miƙo wani, tana ƙirga maka mintoci don ka yi ƙoƙarin karya na jiya, kuma tana bin ka har kan gado.

Allah Ya sanya salla farilla mai ƙayyadaddun lokuta a Suratun Nisa'i, aya ta 103, Ya yi narko ga masu sakaci da sallarsu a Suratul Ma'un. Wanda wasa ya sa ya fitar da salla daga lokacinta da gangan ya yi babban zunubi, kuma wasan ya haramta gare shi a wannan hali. Wanda ya san in ya fara bayan isha ba zai ajiye ba sai ƙarfe biyu, asuba ta wuce shi, to farawar ma ba ta halatta gare shi ba. Namiji da Juma'a ta wajaba a kansa, idan an yi kiran salla, ciniki ma an ce a bari a Suratul Jumu'a aya ta 9, ina ga wasa. Taɓa na'ura ko waya liman yana huɗuba kuwa wargi ne, hadisin Muslim ya kira taɓa tsakuwa ma wargi a wannan lokaci. A Ramadan ba ya karya azumi, sai dai hasara ce mutum ya tura yinin da shi Alƙur'ani yana ajiye.

Ga ma'auni mai sauƙi, ki gwada kanki da shi. Idan aka kira salla, ko yaro ya yi kuka, ko maigida ya yi sallama, kina iya rufe na'urar nan take ba tare da jin haushi ba? In kina iyawa, ke ke riƙe da ita. In kuwa kin fara jin wanda ya katse ki ya zalunce ki, to ki ajiye ta mako guda ki gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasannin gem cikin jerin cututtuka a 2019, alamomin da ta ambata kuwa su ne kasa tsayawa, da fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba duk da ana ganin ɓarnar.

Kada kuma a ruɗe ki da cewa magani ne. An tallata Brain Age da sunan wani likitan ƙwaƙwalwa na Japan, Ryuta Kawashima, a matsayin motsa jiki ga ƙwaƙwalwa. Amma wani babban bincike da aka yi a Ingila a kan mutum fiye da 11,000, aka buga a mujallar Nature a 2010, ya nuna masu irin waɗannan wasanni suna ƙwarewa ne a abin da suka yi ta maimaitawa, ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani ba. Ki ɗauke shi hutu ne na halal. Idan kika yi niyyar hutar da rai don ki dawo wa karatu da ibada da ƙarfi, ana fatan lada a kan niyyar.

Abubuwan da ke raɓe da wasan su ma a kula. Kiɗan da ke tashi a na'ura a kashe shi, wasan ba ya buƙatarsa. Wanda ke yi a waya ya san ana cusa tallace-tallace, wasu na kamfanonin caca, wasu da hotunan da bai halatta a kalla ba. Ya rufe data kafin ya buɗe, ko ya nemi wanda babu talla. A nan tsohuwar na'ura irin taki ta fi waya aminci. Idan aka ce gasa ce, kowa ya zuba kuɗi wanda ya riga gamawa ya kwashe, wannan caca ce ko da Sudoku ake yi, haka idan wanda ya kasa zai sayi katin waya ko lemo ga wanda ya ci. Idan kuwa makaranta ko wani mutum daban ya sa kyauta, masu shiga ba su biya komai ba, to Malikiyya sun taƙaita gasar da ake sa lada a kan doki da raƙumi da harbi, sauran a yi su kyauta, wasu malamai kuma sun sauƙaƙa tunda babu wanda zai yi hasara. Ba na kiran wannan caca, barin sa kuma ya fi nisa daga saɓani.

Game da Hajiya

Kasancewar abu halal bai sa dole a yi shi ba, gyara tsakaninki da mahaifiyar mijinki kuwa abin nema ne a shari'a. Kada ki tura mata wannan amsa a waya don ki nuna kin yi nasara. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana i'itikafi ya fito raka matarsa Safiyya da dare, wasu Ansar biyu suka gan su suka ƙara sauri, sai ya tsayar da su ya sanar da su matarsa ce, ya bayyana cewa ya ji tsoron Shaiɗan ya jefa wani abu a zukatansu. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Shi da babu wanda ya kai shi tsarki bai bar zato ya kwana ba, ya tashi ya kawar da shi da kansa.

Wannan aiki na mijinki ne kafin ya zama naki, domin mahaifiyarsa ce, kuma shi aka kai wa ƙara. Ya ɗauki na'urar ya je wurinta shi kaɗai, da rana, ya zauna ƙasa ya buga wasan da hannunsa tana gani. Ya nuna mata babu suna, babu aya, babu harafin Larabci, ya share ya sake kawo wani. In akwai jikanta ɗan makaranta, a ba shi ya cika layi ɗaya a gabanta. In zuciyarta ba ta kwanta ba, ya kai na'urar wurin malamin da ita ta yarda da shi, ba wanda ku kuka yarda da shi ba. Duk malamin da ya san hatimi kallo ɗaya zai yi ya ce wannan ba shi ba ne. Ya kuma tunatar da ita cikin ladabi, ba a gabanki ba, cewa jingina wa Musulma asiri ba tare da hujja ba abu ne mai nauyi, Suratul Hujurat aya ta 12 ta yi hani ga yawan zato.

Ke kuma ki ci gaba da gaishe ta da kai mata abinci ko ba ta ci ba, kada ki kai maganar gidanku tukuna, kada ki bari ƙawaye su mayar da ita hira. Ki ajiye na'urar har ƙurar ta lafa. Bayan nan in za ki yi, ki yi a fili, tsakar gida, inda kowa ke gani, ba a ɗaki cikin duhu ba. Idan kuma bayan duk wannan Hajiya ta ce ita dai ba ta son ganin abin a gidan, ki mayar wa yayanki da kayarsa, ba don haramun ba ce, kuma ina yi miki fatan lada a kan haka.

Wallahu a'alam.